Ko Kun Sani? Suwidin ta soke aikin soja na dole, ta sake dawo da shi

Tun 1901 ƙasar Suwidin take tilasta wa samarinta shiga aikin soja. A 2010 ta dakatar da wannan doka, ta koma dogaro da masu shiga don kansu. Hujjar masu goyon bayan sauyin ita ce, yaƙin zamani na buƙatar ƙwararrun da suka ɗauki soja a matsayin sana'a, domin makamai irin na yau ba a laƙantarsu cikin 'yan watanni.

Shekara bakwai kacal aka yi a haka. Masu zuwa da kansu ba su cika adadin da rundunar ke nema ba, ga kuma fargabar da ta ƙaru bayan Rasha ta mamaye yankin Kirimiya a 2014. A 2017 gwamnati ta maido da dokar, kuma a wannan karon ta haɗa maza da mata. A 2018 aka fara horar da matasa kusan 4,000.

Amurka kuwa ta daina ɗaukar soja dole tun 1973, Jamus ta dakatar a 2011. A Suwizalan an kai maganar gaban jama'a a 2013, inda kusan kashi 73 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ƙi amincewa a soke aikin soja na dole. Masu kare tsarin na cewa yana haɗa ɗan talaka da ɗan mai kuɗi a bariki ɗaya. Masu adawa kuma na ganin tauye 'yancin matasa ne da katse musu karatu.