Tsakanin wuta da mai: Abin da ke cin kuɗin masu tsofaffin a-kori-kura a Minna

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsohuwar motar da ke zuƙar mai ta zama nauyi a wuyan mai ita. A Minna, har yau ana ganin a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna ya riƙa haɗawa, suna jigilar doya daga Paiko da Gwada. Ma'aikata da dama da ke noma a gefe ma da irinsu suke kwaso amfanin gona.

Waɗannan motoci ba su da kwamfutar da ke auna mai. Kafireta ce ke gauraya iska da fetur, distiributa kuma ta raba wuta ga filogi huɗu bi da bi, a jerin 1-3-4-2. Idan ɗayansu ta kauce, alamun sukan yi kama da juna, shi ya sa ake yawan kwance kafireta alhali laifin na wuta ne.

Ƙa'idar da ƙwararrun makanikai ke bi ita ce a fara da wuta. Ana duba kwantak, wanda tazararsa a injin 504 kusan milimita 0.4 ce, domin da zarar ya cinye, taimin ya gusa. In wuta tana riga lokacinta, injin zai riƙa ƙwanƙwasa a hawa, ya kuma yi gardamar tashi. In ta makara, ƙarfi zai ragu, injin ya ɗau zafi, salansa ta riƙa harbi. Gyaran shi ne a sassauta distiributa a juya ta kaɗan-kaɗan, ana haska alamar fuli da fitilar taimin, maimakon dogara da kunne kawai.

Sai wuta ta daidaita ake komawa kan mai. Filogi ne shaida: baƙi mai kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuma iska ta rinjaya. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, mota ta soma baƙin hayaƙi. Da damina ruwa kan shiga tanki, datti ya toshe jet. Tsagewar robar iska kuwa takan sa injin mutuwa idan an ɗaga ƙafa daga totur.

Ga masu shirin mayar da motarsu ta koma amfani da iskar gas ta CNG, wadda Gwamnatin Tarayya ke ƙarfafawa, akwai ƙarin hattara: gas ba ya kamawa da saurin fetur, don haka sai an sake saita taimin bayan sauyin.

Kafin mai mota ya amince a sayo sabuwar kafireta, yana da kyau ya nemi a nuna masa filogi da kwantak, domin kuɗinsu bai kama ƙafar nata ba.