Lauyan da Ya Ƙi Hukunci, Amma Ya Cika Shi

Jama'a, in maƙwabta suka yi rigimar iyakar gona, dagaci ake kira. To, in ƙasashe ne fa? Nan ake neman irin su marigayi Yarima Bola Ajibola.

An haife shi a Abeokuta a 1934, ya zama lauya a Ingila a 1962. Ya riƙe Ministan Shari'ar Nijeriya daga 1985 zuwa 1991, sannan ya yi alƙalanci a Kotun Duniya da ke Hague har 1994.

Da Kamaru ta kai mu ƙara kan Bakassi da iyakar Tafkin Chadi, shi Nijeriya ta zaɓa ya zauna cikin alƙalan. A 2002 kotu ta ba Kamaru gaskiya kan Bakassi. Ajibola bai amince ba, ya rubuta hujjojinsa dalla-dalla. Duk da haka, shi ya jagoranci wakilanmu a kwamitin da ya aiwatar da hukuncin. Aka miƙa Darak a 2003, Bakassi a 2008.

Mazauna wuraren sun ji zafi, ba mu musu. Amma ba mu binne 'ya'yanmu a fagen daga ba. Ya rasu a 2023.