Ranar Da Yaro Ya Bar Gadon Jarirai

Uwargida, akwai ranar da za ki shiga ɗaki ki tarar da yaronki ya ɗora ƙafa ɗaya a kan shingen gadonsa yana ƙoƙarin tsallakowa. Daga wannan rana gadon da yake tsare miki shi ya zama abin tsoro, domin faɗowa daga saman shinge ta fi faɗowa daga katifa muni, musamman a ɗakunanmu na siminti da tayil.

Yawancin yara suna kai wannan matsayi ne tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa shekara 3. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da ma'auni mai sauƙi: idan tsawon yaro ya kai santimita 89, ko kuma idan ya miƙe tsaye shingen bai wuce ƙirjinsa ba, to lokacin sauya masa makwanci ya yi. Idan kuwa bai kai ba kuma bai fara hawa ba, babu dalilin gaggawa. Sai dai ki tabbata an sauke katifar zuwa matakin ƙasa, kuma ki kwashe duk abin da zai taka ya hau.

Kuskuren da da yawa daga cikinmu muke yi shi ne haɗa wa yaro canji biyu ko uku lokaci guda: ga yaye, ga sabon ƙane, ga kuma an raba shi da gadonsa. Idan kina da juna biyu kuma jaririn ne zai gaji gadon, ki sauya wa babban tun da sauran kamar wata biyu kafin haihuwa, don kada ya ga kamar ƙanensa ne ya kore shi.

Wane irin makwanci ya dace? Mafi aminci a farko shi ne katifa a ƙasa, a kan tabarma ko darduma. Idan gado ne, kafinta ya yi shi gajere, ya goge kusurwoyinsa, katifar kuma ta cika shi dam. Ki lura da tsakanin gado da bango: ramin da hannunki zai shige, jikin yaro ma zai iya zurmawa ya maƙale ya kasa numfashi. Shingen da ake saye a maƙala a gefen katifa ba a sa wa yaron da bai cika shekara 2 ba. Gado mai hawa biyu kuwa, ba a barin wanda bai kai shekara 6 ba ya kwana a samansa, ko da yayyensa suna wurin.

Babban abin da ya kamata ki riƙe shi ne, daga ranar da aka cire shinge, ɗakin gaba ɗaya ya zama gadonsa. Zai farka ƙarfe 3 na dare ya yi yawonsa kina barci. Saboda haka ki durƙusa a gwiwoyinki ki kalli ɗakin da idonsa. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Fara da durowa da kabad da talabijin. Yaro yakan jawo aljihun durowa ya mai da shi matattakala, nauyin ya rinjayo kansa. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan irin wannan haɗari ya yi sanadin rasuwar ƙananan yara. Ki sa a kafe su a jikin bango. Ki janye gado daga jikin taga, ki ɗaure igiyar labule a sama, ki toshe soket, ki ɗauke dutsen guga da wayar caji.

Kada a kwana da bokitin ruwa a ɗaki ko a bar banɗaki a buɗe, domin ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Magunguna, kananzir, fiya-fiya da turaren wuta a ajiye su inda hannunsa ba ya kaiwa. Maganin sauro na kunnawa da kyandir ba su da wuri kusa da shimfiɗarsa. Gidan sauro ya fi, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a ɗaure igiyoyinsa sama. Ƙofar fita tsakar gida a sa mata sakata a sama, rijiya kuma a rufe ta da murfi mai kwaɗo.

Idan duk da haka ya faɗo ya bugu a kai, ki sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Suma, amai a kai a kai, jijjiga, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamu ne na a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Makon farko zai riƙa saukowa yana bin ki. Ki mayar da shi cikin lumana, ba tsawa ba duka, da zaninsa da ya saba da shi, kuma a kan lokaci ɗaya kullum. Da sannu zai saba. Allah ya raya mana su, ya tsare mana su dare da rana.