Gurbin binciken ciwon daji na bazara: tun da sanyi ake nemansa

Uwargida, idan kina da ɗa ko 'ya a jami'a mai karanta likitanci, haɗa magunguna ko kimiyyar halittu, wataƙila an taɓa zuwar miki da zancen aikin hutu a wata cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar waje, har da alawus. Zancen gaskiya ne, ana yi. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suke rasa gurbin ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Makara suka yi, ko kuma suka nemi wurin da tun farko ba nasu ba ne.

Aikin kansa koyon sanin makamar bincike ne. Ana haɗa ɗalibi da wani masani a ɗakin gwaje-gwaje na tsawon mako 8 zuwa 10. Wani zai koyi rainon ƙwayoyin cutar a cikin faranti don a gwada musu magani, wani zai zauna gaban kwamfuta yana tantance bayanan ƙwayoyin gado. A ƙarshe kowa ya tsaya gaban malamai ya bayyana abin da ya gano. Mu mata ba sai an gaya mana amfanin wannan ilimi ba, domin sankarar mama ita ce kan gaba a tsakanin matan Najeriya, ta bakin mahaifa na biye mata.

Lokaci

Bazarar Amurka daga Yuni zuwa Agusta take, daidai lokacin da muke cikin damina. Amma ƙofar nema tun lokacin sanyi ake buɗe ta, a kuma rufe. Wanda ya tashi nema a watan Mayu ya riga ya makara da wata uku ko huɗu. Saboda haka tun Nuwamba ya kamata takardu su fara haɗuwa. Ki kuma sa a duba kalandar makaranta, domin jami'o'inmu da yawa suna tsakiyar karatu a waɗannan watanni, sai an nemi izinin sashe.

Wa ya cancanta?

Wannan ce tambayar farko, kafin a ɓata dare ana rubutu. Shirin bazara na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wato NIH, mai hedikwata a Bethesda ta jihar Maryland, sananne ne, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar, wadda aka kafa a 1937, tana ƙarƙashinsa. Amma 'yan ƙasa da masu takardar zaman dindindin kaɗai yake ɗauka. Ya dace da iyalanmu da ke zaune can, bai dace da ɗalibar Kano ko Damagaram ba.

Akwai kuma cibiyar Cold Spring Harbor da ke jihar New York, wadda take gudanar da shirinta na ɗaliban digirin farko tun 1959. Ita tana karɓar takardu daga ƙasashen waje, tana ba da alawus da masauki da abinci, tana rufe karɓa a tsakiyar Janairu. Guraben kaɗan ne, wajen 20 a shekara, don haka kada a rataya buri a wuri ɗaya. Dokokin bizar Amurka kuma suna yawan sauyawa. A rubuta wa masu shirin a tambaye su halin da ake ciki game da fasfon ƙasarku kafin a yi nisa.

Takardun da za a tanada

Kusan ko'ina abu huɗu ake nema: sakamakon jarrabawa daga jami'a, taƙaitaccen tarihin karatu da ƙwarewa, wasiƙar dalilin nema, da shaidar malamai, galibi biyu. Shaidar malamai ce ta fi jawo makara, domin malamin ne zai tura da kansa. A roƙe shi wata guda kafin wa'adi, a kuma zaɓi wanda ya san aikin ɗalibin, ba wanda ya fi girman muƙami ba.

A shirin NIH cike takarda kaɗai bai isa ba. Masanan ne suke zaɓar wanda suke so, saboda haka ɗalibi zai karanta ayyukansu, ya aika wa wasu daga cikinsu gajeren saƙo yana faɗin abin da ya ja hankalinsa a binciken nasu.

Naki aikin

Kada ki rubuta mata wasiƙar, kada kuma ki biya wani ya rubuta. Masu tantancewa sun saba gane rubutun aro. Ki zaunar da ita ki ce, “Me ya sa wannan cuta kike so ki bincika?” Abin da ta faɗa miki da bakinta shi ne asalin wasiƙar. Idan jinyar wata 'yar uwa ce ta sa mata wannan buri, ta faɗa a layi biyu, sannan ta wuce ga abin da ta iya da hannunta.

Ki yi hattara da 'yan damfara. Waɗannan cibiyoyi ba su da dillalai, ba a kuma sayen gurbi. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp yana neman kuɗin rajista ko hoton fasfo, ki rabu da shi. A shafin cibiyar kanta kawai ake nema.

In ba a dace bana ba, ba a yi asara ba. Ta yi aikin SIWES ɗinta a sashen gwajin cututtuka na asibitin koyarwa mafi kusa, ta koyi aiki da madubin likita da adana sakamako yadda ya kamata. Baɗi za ta nema da ƙwarewa a hannu, da malami da zai iya cewa ya ga aikinta da idonsa. Allah Ya yi wa zuri'a albarka.