Yaƙin da ido ba ya gani: Yadda ƙananan mafarauta ke fafatawa a cikin ƙasar noma

Cokali ɗaya na ƙasa mai albarka na iya ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin bakteriya. Duk inda abinci ya yi yawa haka, mafarauta ba sa rasa zuwa, kuma su ma ba sa ga-maciji da juna, domin ganima ɗaya suke nema.

Su wa ke farautar?

A shekarar 1962, masanin kimiyya Heinz Stolp ya gano bakteriyar Bdellovibrio a ƙasar da aka ɗebo a Jamus. Takan huda jikin wata bakteriyar, ta shige ciki ta cinye ta, ta hayayyafa, sannan 'ya'yanta su fasa gawar su fito cikin 'yan sa'o'i. Ita kuwa Myxococcus xanthus a ayari take tafiya, tana fesa sinadaran da ke narkar da abin da ta kama, kowa ya sha romo.

Akwai kuma tsutsar Pristionchus pacificus, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Idan abinci ya yi ƙaranci, ƙananansu sukan girma da faffaɗan baki mai haƙora biyu, su riƙa kashe sauran tsutsotsin da ke yi musu rububin bakteriya. A 2019, masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Tübingen suka nuna cewa tana gane 'ya'yanta, ba ta cizon su.

Mafarauciyar ma tana da mai farautar ta. Fumfunar Arthrobotrys oligospora, idan yunwa ta kama ta kuma ta ji ƙamshin tsutsa, sai ta saƙa tarko mai danƙo ta damƙe ta.

Ina ruwan manomi?

Duk lokacin da aka cinye bakteriya, ragowar sinadarin naitirojin da ke jikinta kan fita ta yadda saiwar shuka za ta iya sha. Haka nan, irin wannan fumfuna tana cikin abokan gabar tsutsar da ke sa saiwar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli, cutar da ke jawo wa masu noman rani asara. Feshin magani barkatai ba ya bambance ɓarawo da mai gadi.

Ina ruwan asibiti?

Daga makaman da ƙwayoyin ƙasa ke yaƙar juna da su aka samo maganin streptomycin a 1943, wanda ya fara karya lagon tarin fuka. Yau magunguna da dama sun daina aiki. Wani bincike da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki shan wahala. Shi ya sa masana ke gwada Bdellovibrio a matsayin magani mai rai.

Don haka, zaizayar ƙasa da kwararowar hamada ba amfanin gona kaɗai suke ci ba. Suna tafiya da halittun da har yanzu ba a gama sanin amfaninsu ba.