Tsohuwar Kwamfutar Gidanki Ba Ta Mutu Ba: Gwada Mata Linux Kafin Ki Rabu Da Ita

A gidaje da dama na Mahuta, daura da matatar man Kaduna, da maƙwabtanta irin su Sabon Tasha da Kamazou, akwai kwamfutar da aka lulluɓe da ƙyalle aka ajiye a kan durowa. Wata maigida ne ya sayo ta hannu domin aikin ofis, wata kuma an saya wa yaya babba ne lokacin da ya shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Yanzu idan an kunna ta sai kin ɗora tukunya kin dawo ba ta gama buɗewa ba. An tsallaka kogi da ita zuwa wajen masu gyara a cikin gari ya fi a ƙirga, kullum a wanke ta a dawo da ita, bayan wata biyu ta koma gidan jiya. Daga ƙarshe sai a ce muku ta tsufa, ku nemi sabuwa.

To, kafin ki taɓa kuɗin adashinki ko ki tayar wa maigida da hankali a wannan lokaci na tsadar rayuwa, akwai gwajin da ya kamata a fara yi mata a gida. Ba ya cin komai sai kuɗin data da filas guda ɗaya, kuma idan an bi shi a tsanake ba ya taɓa ko hoto ɗaya daga cikin ajiyarki.

Ina matsalar take?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar yadda uwargida ke tafiyar da gida. Ita ce ke buɗe allo, ta karɓi abin da aka buga, ta tura takarda zuwa firinta. Wadda muka saba da ita ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, har wasu na zaton ita ce kwamfutar kanta.

Kamfanin yakan kula da kowane nau'i na Windows na wasu shekaru, yana aiko da gyare-gyaren da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa, sannan ya janye hannunsa. Ya janye daga Windows XP a 2014, daga Windows 7 a 2020, sannan daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da wani ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Ita kuma Windows 11 da ta fito a 2021 tana da sharuɗɗan da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba. Kin ga ke nan yawancin na hannun da ke gidajenmu sun zama kamar gidan da aka cire wa sakata. Za ta ci gaba da aiki, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe ta. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan ɓaraka ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Ingila, ana neman kuɗin fansa.

Mece ce Linux?

Linux wata babbar manhaja ce da ke yin aikin da Windows ke yi. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayanta a 1991, aka haɗa da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya soma a Amurka tun 1983. Abin da ya bambanta ta shi ne tushenta a buɗe yake. Ki ɗauki misalin mai sayar da yaji da ke ɓoye sirrin haɗinta, da kuma maƙwabciyar da ta rubuta miki haɗin nata ta ce ki yi, ki gyara yadda kike so, ki ba duk wadda ta nema. Ta biyun ita ce Linux. Kyauta ake sauke ta, kuma lasisinta da kansa ya yarda ki kwafa ki ba 'yar'uwarki. Wannan ya raba ki da kokwanton da ke tattare da kwafin Windows da ake saka wa mutane a kasuwa ba tare da lasisi ba, wanda ga batun haƙƙin mai shi, ga kuma rashin sanin abin da aka cusa a ciki.

Kada sunan ya ba ki tsoro, domin kin daɗe da ita a hannunki. Wayar Android da kike kira da ita a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. A Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce. A 2007 an raba wa ɗaliban wata firamare a Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci na shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, kuma Linux ce a cikinsu. A shekarun ne kuma wani kamfanin ƙasar nan mai suna Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux da harsunan Hausa, Yarbanci da Ibo.

Da yake kowa na iya yin nasa haɗin, nau'o'inta suna da yawa. Akwai Ubuntu da wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004, sunan kuma daga harsunan Zulu da Kosa yake, yana nufin mutuntaka. Daga Ubuntu aka fitar da Linux Mint a 2006, kuma ita ta fi sauƙi ga wadda ta saba da Windows, saboda maɓallin buɗe manhajoji yana nan a ƙasa ta hagu, agogo a dama, yadda idonki ya saba. Tana iya tashi a kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ta gigabait 2, ko da yake 4 ta fi daɗin aiki. Idan taki ta yi rauni sosai, ki zaɓi samfurinta mai suna Xfce, shi ya fi rashin nauyi.

Yadda za ki gwada ba tare da asara ba

Abu na farko, kuma kada ki bari kowa ya tsallake miki shi, shi ne kwashe ajiya. Hotunan biki da na suna, takardun makarantar yara, lissafin sana'arki, takardun aikin maigida, duk a kwafe su zuwa wani filas ko rumbun ajiya na daban, a buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Yawancin kukan da ake yi bayan gyaran kwamfuta daga nan yake tasowa, kuma rigakafi ya fi magani. Ki kuma shawarci maigida tun da wuri, musamman idan akwai kayan aikinsa a ciki. Idan kwamfutar ta ofishinsu ce, to amana ce, kada a taɓa ta sam.

Na biyu, a sauke Linux Mint daga shafinta na asali kawai. Nauyinta ya kusa gigabait 3, don haka tsarin datar dare ya fi araha. Sai a samo filas mai gigabait 8 wanda babu komai a cikinsa, domin aikin zai share duk abin da ke kai. Da wata ƙaramar manhajar kyauta, Rufus ko balenaEtcher, ake ɗora ta a kan filas ɗin. Idan wannan ya yi miki nisa, ɗanki ko ƙanwarki da ke jami'a za su iya, amma ki zauna kusa ki gani da idonki.

Na uku, a kashe kwamfutar, a soka filas, a kunna ana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A yawancin samfurin HP F9 ne, a Dell da Lenovo kuma F12. A zaɓi filas ɗin. Bayan ɗan lokaci sabon allo zai bayyana. A wannan hali daga filas kwamfutar ke aiki, Windows ɗinki da ajiyarki suna nan yadda kika bar su, da zarar an kashe an zare filas komai zai koma yadda yake. Sai dai ki lura da abu biyu. Abin da kika rubuta a lokacin gwaji ba ya zama bayan an kashe. Sannan akwai wata alama a kan allon mai suna Install Linux Mint, ki gargaɗi yara kada su taɓa ta, domin ita ce ƙofar girkawa ta dindindin.

Abubuwan da za ki duba

Kada kyan allo ya ɗauke miki hankali, ki gwada ta da ainihin aikin gidanki. Ki kunna rabon intanet na wayarki ki ga ko ta kama. Ki saka karatun Alƙur'ani ko wani bidiyo ki ji ko sauti na fita. Ki haɗa firinta idan kuna da ita ki buga shafi ɗaya. Ki soka waya ki ga ko hotuna za su buɗe. Ki shiga Firefox ki buɗe imel, WhatsApp na kwamfuta da shafin makarantar yara.

Sai ki buɗe LibreOffice, wadda ke zuwa a cikinta kyauta. Tana da ɓangaren rubutu a madadin Word, da na lissafi a madadin Excel, inda mai sayar da atamfa ko turaren wuta za ta riƙa rubuta shiga da fita da bashin da take bi. Ki buɗe wata tsohuwar takardarki da ita ki ga ko tsarinta ya zauna. Wani lokaci layuka kan ɗan goce, shi ya sa idan za a kai takarda shagon bugawa ya fi kyau a mayar da ita PDF tukuna. Akwai kuma tsarin madannai na Hausa da ke ba ki ƙ da ɗ da ɓ, da na Larabci domin aikin Islamiyya. Ki sani cewa daga filas ba ta kai saurin da za ta yi bayan an girka ta ba.

Inda take da daɗi, da inda take da ƙaya

Kin san cutar nan da filas ke kwasowa daga shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu? Don Windows aka yi ta, ba ta tashi a kan Linux, har ma sau da yawa a nan ake ganin fayilolin da ta ɓoye a ceto su. Haka kuma ba a iya saka sabuwar manhaja sai da kalmar sirri. Ki riƙe ta a wajenki, ki buɗe wa yara nasu ɓangaren daban. A rumbun manhajojinta akwai GCompris mai wasannin koyon ƙirga da haruffa ga 'yan shekara 2 zuwa 10, da Tux Paint na zane, kuma da zarar an sauke su ba sa buƙatar intanet. Jerin Linux Mint 22 da ya fara fita a 2024 an yi alkawarin kula da shi har 2029.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba kowane gida ta dace da shi ba. Idan maigida ko ɗiyarki suna neman abinci da CorelDRAW ko Photoshop wajen zana katin biki da kalanda, waɗannan ba a yi su don Linux ba. Akwai madadinsu kamar Inkscape da GIMP, sai dai sai an sake koyo. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya, kuma da yawa daga manhajojin atisayenta don Windows ko waya aka yi su, don haka idan kina da mai shirin jarrabawa ki bincika tukuna. Masu gyaran da suka san ta ma ba su kai na Windows yawa ba, wani yana gani zai ce a goge. Sannan babu manhajar da ke kare mutum daga ɗan damfarar da ya kira ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin banki, wannan sai hankalinki.

Bayan gwaji fa?

Ki ba gwajin kamar mako guda, kowa a gidan ya taɓa, sannan ku zauna ku yanke shawara. Hanya uku ce a gabanku. Idan ba ta karɓe ku ba, a zare filas, ba a yi asarar komai ba, sai dai a daina shiga banki da tsohuwar Windows ɗin da aka daina kula da ita. Idan kuna son ta amma akwai aikin da sai da Windows, ana iya girka su gefe da gefe, duk lokacin da aka kunna a zaɓi wadda ake so. Idan kuwa aikinku bai wuce rubutu, lissafi, karatu da intanet ba, sai a ba ta kwamfutar gaba ɗaya.

Ranar girkawa a tabbatar batir ya cika ko akwai wuta tsayayya, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya ɓata shi. A karanta kowane shafi kafin a danna. Zaɓin da ke cewa Erase disk yana nufin share duk abin da ke cikin kwamfutar, kuma ba a dawo da shi. Wanda zai taya ki, ko ɗanki ne ko mai gyara, ki tambaye shi da bakinki: "An kwashe ajiyata? Nuna mini inda take." Sai kin gani sannan ki ce a ci gaba.

Uwargida, da tsohuwar zuma ake magani. Kwamfutar da aka yanke wa ƙauna tana iya ƙara shekaru tana yi wa yara aikin makaranta, kuɗin sabuwa kuma su tafi ga kuɗin makaranta ko jarin sana'arki. Yarinyar da ta saba da Linux tun a ɗakin mahaifiyarta kuwa ta fara koyon abin da ake nema a ma'aikatu, domin tun 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Ki nemi filas ɗinki a wannan makon, ki fara da kwashe hotunan. Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci zuri'armu.