Lilon jariri ba wurin barci ba ne

Da zarar ciki ya kai wata bakwai, lissafin kayan haihuwa yake tashi a gida. Mai ciki tana da nata jerin, mahaifiyarta tana da nata, maigida kuma yana shafa aljihu. Shekarun baya jerin gajere ne: zannuwa, majanyi, baho, sabulu, tawul, 'yan riguna da huluna, sai itacen wankan jego. Yau kuwa shagunan kayan jarirai a Kano da Kaduna da Abuja sun cika da abubuwan da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Wanda ya fi ɗaukar idon sababbin iyaye shi ne lilo, 'yar kujerar nan mai laushi da ke kaɗa kanta da batir ko lantarki, wani har da kiɗa da 'yan tsana suna reto a sama.

Ban ga laifin mai sha'awarsa ba. A babban gida jariri ba ya rasa hannu. In uwa ta shiga madafi, kaka ko gwaggo ko yaya za ta karɓe shi. Amma yarinyar da aure ya kai Abuja ko Fatakwal, tana zaune ita kaɗai, miji ya fita tun safe, ga girki ga wanki ga jaririn da ba ya shiru sai ana jijjiga shi, dole ta nemi inda za ta ajiye shi ta sauke tukunya ko ta yi salla. Lilo yana wannan aikin, yana kuma yin sa da kyau. Haɗarin yana farawa ne a lokacin da barci ya kwashe jaririn a ciki, uwa ta ce alhamdulillahi, ta lallaɓa ta bar shi.

Amurka ta biya kuɗin wannan darasi da rayukan jarirai. A 2009 kamfanin Fisher-Price ya fito da wata kujerar kwantar da jariri mai suna Rock 'n Play, bayanta a kishingiɗe da kimanin digiri 30, aka tallata ta a matsayin wurin barci. Ta karɓu ƙwarai, domin jarirai suna daɗewa suna barci a cikinta. A Afrilun 2019 aka janye ta daga kasuwa, guda kusan miliyan 4.7, bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30. Zuwa Janairun 2023, lokacin da CPSC, hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi a ƙasar, ta sake fitar da gargaɗi, adadin ya kai kusan 100, wasu ma sun rasu ne bayan janyewar. Tun kafin nan hukumar ta sa wata masaniya, Erin Mannen ta jami'ar koyon aikin likita ta Arkansas, ta auna motsi da numfashin jarirai a kan irin waɗannan kujeru. Ta gano babu ko ɗaya da ta dace da barci, kuma bai kamata shimfiɗar jariri ta karkata fiye da digiri 10 ba. A Mayun 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta haramta ƙera su da sayar da su.

Dalilin yana cikin halittar jinjiri. Kansa babba ne, ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuma ba ya ƙwarin riƙe shi sai wajen wata huɗu. Ku lura da jaririn da ya yi barci a kishingiɗe. Kan yana sunkuyowa a hankali har haɓa ta taɓa ƙirji, jiki ya zame ƙasa, kafaɗu su tattaru. Maƙogwaronsa siriri ne mai taushi, in wuya ya lanƙwashe haka sai ya matse kamar tiyon ban ruwa da aka naɗe. Babba zai farka ya gyara kwanciya. Ɗan wata biyu ba shi da ƙarfin ɗaga kai, kuma sau da yawa ba ya kuka, ba ya shure-shure, har wanda ke ɗakin ya ɗauka barci ne ya yi daɗi. Akwai kuma juyi. A kan karkatacciyar shimfiɗa jariri yana iya birkicewa tun kafin lokacin da ake zaton zai iya, fuskarsa ta nutse cikin soso, ya kasa juyowa.

Kada a ce ai Rock 'n Play kujerar kwanciya ce, namu lilo ne. A Oktoban 2024 an janye lilon Snuga na kamfanin Fisher-Price, fiye da miliyan 2, bayan mutuwar jarirai 5 'yan wata ɗaya zuwa uku tsakanin 2012 da 2022. Duk barci aka bar su suna yi a ciki, kuma a mafi yawansu ba a ɗaure bel ba, an kuma ƙara bargo ko wani abin shimfiɗa. A Agustan 2022 an janye lilon MamaRoo na kamfanin 4moms, shi ma sama da miliyan 2, a kan wani dalili daban. Igiyoyin bel suna reto ƙarƙashin kujerar idan babu kowa a ciki, wani ɗan wata 10 mai rarrafe ya shiga, igiyar ta shaƙe shi.

Wannan labari ya shafe mu ta hanyar gwanjo. Sabon lilo na sanannen kamfani yana da tsada, shi ya sa da yawa na hannu ake saye, waɗanda aka kwaso daga Turai da Amurka, ko kuwa yaya ta gama da nata ta miƙa wa ƙanwa. A Amurka laifi ne sayar da kayan da aka janye. Amma wanda ya shiga kwantena ya sauka Legas ko Kwatano yana zuwa ne ba kwali, ba takardar bayani, babu kuma wanda zai kira mai shago ya gargaɗe shi. Shi ma bai sani ba. Saboda haka kafin a biya kuɗi a juya lilon, a nemi 'yar takardar da ke manne a ƙarƙashin kujera ko jikin injin, mai ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri. A rubuta su a Google tare da sunan CPSC, in an taɓa janye shi a Amurka zai fito. In takardar ta goge ko an ɓamɓare ta, a haƙura da shi komai arharsa.

In ya tsallake wannan, sai a gwada shi da hannu a shagon. A tura shi ta gefe a ga ko yana tangal-tangal, domin a gida akwai yayyen da za su jingina da shi su leƙa ƙaninsu. Ƙafafunsa su zama masu faɗi, maƙullin naɗewa kuma ya kama sosai. Bel ɗin ya kasance mai bi ta kafaɗu biyu da ƙugu da tsakanin ƙafafu, a kuma danna maɓallinsa a ji ya yi ƙas. Kujerar ta iya kwantawa baya sosai, don jaririn da bai kai wata huɗu ba a nan ya kamata a sa shi. Rigar kujerar ta zama mai cirewa a wanke, ko don tumbuɗi. A ja 'yan tsanan da ke sama, in sun fizge cikin sauƙi a cire su. Kiɗa da fitilu da rimot ba su ƙara komai sai farashi, kuma da yanayin wutarmu gara mai batir. A ƙasa ake ajiye shi, ba kan gado ko tebur ba. Ba a ƙara masa filo ko naɗaɗɗen tawul. Jariri ba ya wuni a ciki, kuma ranar da ya fara juyi ko yunƙurin tashi zaune, aikin lilo ya ƙare. Dukan amfaninsa 'yan watanni ne, ya kamata a tuna da haka kafin a ci bashi a kansa.

In barci ya zo, a ɗauke shi a kwantar a rigingine kan shimfiɗa miƙaƙƙiya mai tauri, ko da zai ɗan yi kuka. Tsofaffi sukan ce a rigingine zai shaƙe da tumbuɗi. Halittar jiki ta nuna akasin haka, domin a wannan kwanciyar hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito. Bayan Amurka ta soma gangamin kwantar da jarirai a rigingine a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta fi son jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwa amma shimfiɗa daban, aƙalla wata shida. Gaskiyar gidajenmu ita ce mafi yawan masu jego da jaririnsu suke kwana. To in haka ne, a janye filo da bargo daga kusa da shi, kada yayyensa su kwana a gefensa, kada ya kwana da mai shan sigari ko wanda ya sha magani mai sa barci, kuma kada a yi barci da shi a kan kushin, don can ya fi ko'ina haɗari. A rage masa tulin shawul da safa a zafin Afrilu, a hunturu kuma kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki.

Keken koyon tafiya mai tayoyi, wanda ake zura yaro a tsakiya, shi ba na ba kowa shawarar saye. Kanada ta haramta shi tun 2004. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙirga yara fiye da 230,000 'yan ƙasa da wata 15 da aka kai asibitocin Amurka saboda shi tsakanin 1990 da 2014, mafi yawa faɗowa daga matattakala. Mu a tsakar gidanmu akwai kurfoti da risho, da bahon ruwan zafi, da rijiya, kuma keken yana kai yaro gare su kafin uwa ta miƙe. Ba ya ma sa tafiya da wuri. Tabarma da sarari da idon babba sun wadatar.

Goyo kuwa ba shi da abokin gasa. Yadda ƙafafun yaro suke warewa a ƙugun uwa, gwiwoyi a ɗage, shi ne zaman da likitocin ƙashi suke so don lafiyar gaɓar ƙugunsa, kuma shi masu jakar goyo ta zamani suke ƙoƙarin kwaikwaya. Sai dai ƙa'idar wuya tana nan. Zani ya tallafi ƙeyar jinjiri, fuska ta juya gefe, hanci a buɗe, kada hijabi ko mayafi ya rufe shi ruf. A riƙa kai hannu baya ana taɓa shi. Bakwaini da mai ƙarancin nauyi a ƙirji ake goya su, fata da fata, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a soma tun daga haihuwa.

Abin da ke damuna shi ne kayan da suka fi ceton rai su ne suka fi arha, su ne kuma ake mantawa. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi mutuwa. Gidan sauro mai magani, wanda aka soke gefensa ƙarƙashin katifa, ya fi lilo goma. Akwai man cibiya na kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti, wanda ya kamata ya maye gurbin gashi da tsumma da shafa man goge baki, amma na cibiya ne kawai, ba ya kusantar ido. Akwai ma'aunin zafin jiki: in ya nuna digiri 38 ga jaririn da bai kai wata uku ba, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba. Akwai kuma abin da za a fitar. Kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso yana fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai masu wata larura ta gado da ta yawaita a ƙasar nan, ya jawo shawara mai tsanani da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Fida ma ba dole ba ce. Nono zalla wata shida shi ne ƙa'ida, in an tatsa a ba shi da ƙaramin kofi, ya fi sauƙin wankewa.

Ga mai mota, in kuɗin abu ɗaya kaɗai ke hannu, kujerar mota ta riga lilo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari. Hannun uwa ba ya riƙe yaro idan aka yi karo. A ɗaure ta a kujerar baya, jariri yana fuskantar bayan mota, kuma in an isa gida a cire shi ko yana barci, domin ita ma a kishingiɗe take.

Ku kuma dangi da abokan arziki masu kai barka, kafin ku haɗa kuɗi ku sayi lilo ko keke, ku tambayi mai jego ko tana da gidan sauro da ma'aunin zafi da shimfiɗa mai kyau. In lilon kuka kawo, ku faɗa mata, ku faɗa wa kaka da 'yar raino: a ɗaure bel, a zauna kusa, in ya yi barci a ɗauke shi.